Sunan 'Yar Fari a Lasifika

Saura sati biyar a ɗaura auren Barakatu da Mas'udu, akwatunan lefe huɗu na jere a ƙuryar ɗakin Inna Asibi, mahaifiyar amarya, an lulluɓe su da zanin gado, ranar da Abdulgafar ya taso tun daga Sabuwa ya dira Faskari da abin da ya kira magana mai nauyi.

Abdulgafar ɗan ƙanwar Malam Nata'ala ne, mahaifin Barakatu. Dillalin taki ne, mai ƙiba da yawan turare. Sau biyu yana aiko da maganar Barakatu, sau biyu ana ba shi haƙuri, don Malam ya ce shi ba ya yi wa ɗiyarsa dole, ita kuwa ta ce Mas'udu mai gyaran waya na Ƙanƙara take so. Ya ce ya haƙura. Ni dai ban taɓa ganin mai haƙurin da ke zuwa gaisuwa duk sati biyu ba.

Barakatu ta shigo zaure da tiren abinci, ta tarar da wayarsa ajiye a tsakiyar tabarma, shi kuma ya sunkuyar da kai sai ka ce ta'aziyya ya zo. Malam ya ce ya kunna mana, tunda ya ce abin sai an ji da kunne.

Wani kiɗa ne ya fara tasowa, ba ganga ba, ba kalangu ba, ba kuma irin na finafinai ba. Dum, dum, dum, yana dukan ƙirji, da wani siririn kuka a samansa yana hawa yana sauka. Malam ya yamutsa fuska ya tambaya ko wayar ce ta lalace. Kafin a ba shi amsa sai ga sautin taɓarya ya shigo, daka sosai, har da ɗan tafin nan da mata kan yi in sun cilla taɓarya sama. Sannan murya ta biyo baya.

"Barakatu, Baraka tawa,
Na haife ki, na miƙa ki,
Idona na bin ki, bakina a rufe."

Sai wata na'ura ta cafke sunan ta riƙa sassara shi, Bara, Bara, Barakatu, tana jefa shi tana cafewa, kiɗan na ƙara zafi.

Barakatu ta dire tiren da kyar, miya ta zube a gefen tabarma. Shekara ashirin da shida Malam yana tare da Inna Asibi, ba ya buƙatar a gaya masa muryar wace ce.

"Kashe," ya ce.

Abdulgafar ya kashe, ya yi ajiyar zuciya, ya shiga kawo rahoto. A tashar Ƙanƙara 'yan acaɓa ke sa ta. A Damari wani mai shayi ya sa ta a lasifika. A Pauwa an yi biki 'yan mata sun taka rawa da ita. Kuma ba a wahalar neman wanda ya haɗa, don sunan Mas'udu na nan a ƙarshen kiɗan, shi da kansa ya faɗa.

Wanda bai san gidajenmu ba zai ce to don uwa ta kira sunan ɗiyarta, sai me? Barakatu 'yar fari ce. Tun ranar da aka yaye ta kakarta ta ɗauke ta zuwa Pauwa, ba ta dawo gidan ubanta ba sai da tsohuwar ta rasu. Inna Asibi kuwa irin matan nan ne da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta taɓa faɗin sunan ba. "Ke" take cewa, ko "waccan", ko ta ce da ƙannen su kira yayarsu. Ko zazzaɓi Barakatu take yi, sai dai ta dafa kunu ta aje a bakin ƙofa ta wuce. A unguwar da ita ake misali, in yarinya ta haihu tana rawar kai da jariri a ce mata ta je ta ga Asibi ta koyi kamun kai.

Watanni uku da suka wuce aka tashi makarantar firamaren da Barakatu ke koyarwa da wuri. Ta dawo gida ba kowa, yara sun tafi allo, sai ƙarar daka daga bayan ɗaki. Har za ta yi sallama ta ji sunanta a cikin waƙa, a bakin da ba ta taɓa jin sa ba a shekararta ashirin da huɗu. Ta jingina da katanga. Ta ciro waya ta danna ɗauka, tana kuka tana toshe baki da mayafi.

Ba ta gaya wa kowa ba sai Mas'udu. Iska ta shiga ɗaukar, ga kukan kaji, muryar na nutsewa. Ta tura masa ta ce ya share mata hayaniyar, tana so ta riƙa ji in ta tare a gidansa. Ta ce masa amana ce. Ya ce ya ji.

Shi kuwa Mas'udu yana da nasa ciwon, kuma ta san da shi. Shekarar da aka katse sabis ɗin waya a yankin, aiki ya tsaya masa cak, ya zauna a shago yana korar ƙuda. Cikin tarkacen da ke durowa ya tsinci wani memori da wani direba ya manta. Ya sa ya saurara, ya ji kiɗa na kusan awa guda ba mawaƙi, ba kalma ko ɗaya. Ya ɗauka abin ya lalace ne. Ya sake ji, ya kuma sake ji, har ya gane cewa da gangan aka yi, kuma akwai lissafi a ciki, kowane sauti na jiran lokacinsa.

Da sabis ya dawo, abin da ya fara nema a intanet ke nan. Bai ma san sunan abin ba, da guntun Turancinsa ya rubuta cewa yana neman kiɗan da ba makaɗi. Nan ya ga ashe duniya guda ce. Ya ga kiɗan na'ura kala-kala, kowane da sunansa da garin da aka fara shi. Ya ga bidiyon samari a ɗakunansu daga su sai kwamfuta, suna nuna yadda za ka yanko kowane irin sauti, ƙarar ƙofa ko ɗigon ruwa, ka mai da shi ganga. Data ɗinsa duk a nan take ƙarewa. Ya sayi tsohuwar kwamfuta, ya shiga yawo a Ƙanƙara yana ɗaukar ƙarar injin niƙa, da gudumar maƙera, da ruwan sama bisa kwano. In ya zo zance sai ya sa mata a kunne, ita kuma ta ce masa kiɗan aljanu. Amma tana son abin a ranta, don ba ta taɓa ganin namiji mai sauraro irinsa ba. Ashe kunnen ne kawai ke aiki.

Ranar da Abdulgafar ya zo, kafin la'asar magana ta zaga unguwa. Mata suka fara shigowa ɗai-ɗai, wannan ta zo aron rariya, waccan ta zo tambayar ko an ga akuyarta. Duk ƙarya ce, fuskar Inna Asibi suka zo gani. Wata tsohuwa ma ba ta ɓoye ba, ta tsaya a tsakar gida ta ce ashe dai kunyar ta gaban mutane ce, in an shiga bayan ɗaki har da kirari. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Inna Asibi na zaune tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Barakatu ta leƙo ta taga tana kallon matan nan da suka ci tuwon gidan shekara da shekaru.

Bayan sun watse Malam ya kira ta. Bai ɗaga murya ba, kuma ta fi son a ce ya ɗaga. Ya tambaye ta yadda aka yi baƙon da bai taɓa wuce zaure ba ya samu muryar matarsa. Ta durƙusa ta faɗi gaskiya, ita ta ɗauka, ita ta tura.

Ya daɗe yana kallonta.

"Na ce ba ni yi maki dole, kuma ban canza ba," ya ce. "Amma matata ta shekara ashirin da shida ba a ji muryarta a ƙohwar gida ba, yau ga ta a tasha 'yan acaɓa na rawa da ita. Na ba ki zuwa Juma'a. Ki duba mutumen nan da kyau. In kin ce shi, a ɗaura, amma kada shi ƙara tako mani gida, ke ma in kin tahi kin tahi. In kin ce a'a, a maida mashi kayanshi."

Washegari da hantsi ta hau mota zuwa Ƙanƙara, ta ce za ta gidan gwaggonta. Ba ta je ba sai da ta fara biyawa ta shagon Mas'udu.

Shagon ɗan ƙarami ne, a jikin wani kanti kusa da tasha, wayoyi a buɗe bisa tebur kamar an yi musu fiɗa. Mas'udu na zaune da abin sauraro a kunne yana kaɗa kai. Da ya gan ta ya miƙe da fara'a, ya jawo mata kujera, ya ce dama yana da albishir, ya so ya ɓoye sai ranar biki amma tunda ta zo shi ke nan.

Kafin ta buɗe baki ya juyo mata da kwamfuta. Ya nuna mata shafin da ya ɗora kiɗan, ya nuna mata adadin waɗanda suka saurara, ya ce duk abin da ya taɓa ɗorawa bai kai rabin rabin wannan ba. Ya gangara ƙasa yana karanta mata abin da mutane suka rubuta. Wani daga wata ƙasa mai nisa ya ce bai san yaren ba amma ya yi hawaye. Wata ta tambaya wace mawaƙiya ce wannan, a ina ake samun sauran waƙoƙinta. Yana karantawa yana fassarawa, idonsa na ƙyalli, bai ko lura ba ta zauna ba.

"Mi na ce maka ranar da na turo maka?" ta tambaya.

Ya tsaya. Ya ce ai ya share mata hayaniyar, nata na nan daban ya aje.

"Mi na ce maka, Mas'udu?"

"Kin ce amana ce."

"To ita ce wagga?"

Ya shiga bayani. Ya ce da ya cire iskar ya ji dakan, sai ya ga bugun taɓaryar ya zauna daidai, ko na'ura ba ta fi shi daidaito ba. Ya ce gwadawa kawai ya yi, ya sa kiɗa a ƙasa, abin ya tashi da kansa. Kwana huɗu yana kai. Da ya gama ya ji ba zai iya barin sa a durowa ba. Ya ce bai sa sunan kowa ba sai nasa, ya ɗauka Turawa ne kawai ke shiga shafin, wa zai gane a nan?

Hawayen da ta riƙe tun daga Faskari suka zubo.

"Shekara ashirin da huɗu ina jiran kalma ɗaya daga bakin matar nan. Ɗaya. Na same ta ta bayan katanga, kamar ɓarauniya, ban ma da ikon in ce mata na ji. Ban kai wa ƙawa ba, ban kai wa ƙanwata ba, kai na kawo wa. Kai kuma ka ji daidaiton taɓarya."

"Barakatu, wallahi girmama ta na yi. Ki ji abin da mutane ke cewa, duniya ta ji muryarta ta..."

"Ta ce maka tana son duniya ta ji ta? Ni kaina ba ta so in ji ba. Ka san jiya mata nawa suka shigo gidanmu kallonta? Ka san an yi rawa da ita a Pauwa, garin da aka kai ni goyo? Ka yanka sunana gutsi-gutsi kamar naman tsire, a bakin uwata, kana jehwa ma 'yan tasha."

Ya zauna a hankali. Sai yanzu fuskarsa ta canza. Ya ce bai san ta shigo gari ba, shi bai tura wa kowa a nan ba, ko abokinsa na kanti bai sa wa ba. Ya jawo kwamfutar, ya goge kiɗan daga shafin a gabanta. Ya ce shi ke nan, ya tafi.

Kamar da gayya, wani ɗan acaɓa ya wuce ta ƙofar shagon da ƙaramar lasifika ɗaure a kan babur. Bara, Bara, Barakatu. Ya yi kwana ya ɓace, sautin na bin sa.

Ta ce ya rubuta sunanta a wurin neman, ta ga abin da zai fito. Ya yi jinkiri, ta ce ya rubuta. Abin ya fito har wuri biyar, duk ba shi ya ɗora ba. Wani ya sa hoton turmi, wani ya sa hoton wata mata da ba su sani ba. Na ukun ne ya sa ta dafa tebur. A samansa an rubuta da manyan baƙaƙe: Asibi matar Nata'ala ta Faskari ta saki sabuwar waƙa.

"Ba ni ba ne," ya ce da sauri. "Na rantse da Allah ban rubuta wannan ba. Ni ko sunanta ban taɓa hwaɗi ba, Inna nike cewa. Wanda ya rubuta wannan ya san muryarta, ya san gidanku."

Ta yarda da shi. Abin haushin ke nan, ta yarda. Mas'udu ba maƙaryaci ba ne, ba kuma mugu ba ne. Amma in bango bai tsage ba ƙadangare ba ya samun wurin shiga, kuma ta san wanda ya tsaga bangon.

Ya zame daga kujera ya durƙusa a ƙasan shagon, cikin ɓawon wayoyi da guntayen waya, yana kuka kamar yaro. Ya ce zai je ya faɗi gaban Malam. Ya ce zai bi duk masu tura waƙa na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ɗaya bayan ɗaya ya roƙe su su goge. Ya ce ta ce ya fasa kwamfutar yanzu, zai fasa.

"In ka fasa ta, Inna za ta iya zuwa sunan maƙwabta gobe?"

Ya sunkuyar da kai.

"Tambaya ɗaya zan maka, kuma kada ka yi mani ƙarya. Da ba a gane ba, da ba wanda ya ji a nan, ka yi nadama?"

Ya ɗago ya dube ta. Ta ga yana neman amsar da za ta tsirar da shi, ta kuma ga ya kasa ƙarya. A hankali ya ce shi ne abu mafi kyau da ya taɓa haɗawa a rayuwarsa.

Ta gyara mayafinta ta fita. Yana kiranta har bakin titi, ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya za ta koma.

Kwana biyun da suka biyo baya gidan ya zama kamar an yi rasuwa. An yi suna a maƙwabta, Inna Asibi ba ta je ba. Hatsi ma inji ta aika da shi, ita da kullum take cewa tuwon inji ba ya da daɗi. Wayar Barakatu ta yi ta haske da kiran Mas'udu har ta kife ta. Gwaggonta ta Ƙanƙara ta bugo ta ce yaron nan yana ta yawo shago-shago a rana kamar mahaukaci, a tausaya masa. Mahaifiyar Abdulgafar ma ta bugo daga Sabuwa, ta ce ita ba ta ce komai ba, amma naka sai naka, ɗan uwa ba zai taɓa yi maka irin wannan tonon silili ba.

Ranar Alhamis da yamma Barakatu ta shiga ɗakin uwarta. Inna Asibi na ninke wanki, ta juya mata baya kamar kullum. Barakatu ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce ta yafe mata. Ta faɗa sau uku.

Sai da ta gama ninke zanin da ke hannunta sannan ta yi magana, bango take kallo.

"Ba mutane suka dame ni ba. Mutane sun yi da wanda ya hi ni." Ta ɗauki wani zanin. "Wuri ɗaya gare ni a duniyag ga da nike buɗe bakina. Yanzu babu shi."

 Barakatu ta jira, ta jira, sannan ta tashi ta fita. Da zagi aka yi mata ko duka, da ta samu abin riƙewa ta ce an yi mata ba daidai ba. Wannan kuwa ba ta da inda za ta kai shi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Malam ya zauna a zaure ya aika a kira ta. Abdulgafar na nan, ya zo tun safe, wai ya zo duba jikin kawunsa. Malam ya tambaye ta abin da ta yanke.

Tana son Mas'udu. Ko a lokacin, da ƙyamar abin da ya yi cike da cikinta, tana son sa, kuma ta san ba za ta ƙara samun wanda za ta zauna da shi ta ji duniya ta yi mata daidai ba. Amma ta hango kanta a ɗakinsa, yana zaune da abin sauraro a kunne, ita kuma tana tauna kowace magana kafin ta faɗa.

"A maida mashi kayanshi, Baba."

Malam ya gyaɗa kai, bai nuna daɗi ba, bai nuna akasin haka ba. Abdulgafar kuwa har ya miƙe. Ya ce ai ba sai an nemi mota ba, ga tasa a ƙofar gida, shi zai kai su Ƙanƙara yau ɗin nan a huta. Da kansa ya riƙa karɓar akwatunan daga bakin zaure yana jerawa a but ɗin motar, yana haki, yana surutu. Ya ce shi wallahi tun ranar da ya ji abin nan bai ƙara iya cin abinci da daɗi ba. Ya ce ko minti ɗaya ba ya iya sauraron sa, tsigar jikinsa tashi take, a ce muryar matar kawunsa ce a bakin 'yan iska. Ya ce da ya kawo wa Malam ya goge ta daga wayarsa nan take, har sai da ya wanke hannu.

Barakatu na tsaye daga cikin zaure tana kallon akwati na huɗu na shiga. A cikinsa akwai wani leshi ruwan toka da suka zaɓa tare ta waya, yana tsokanarta wai ta cika son kalar tsofaffi. Maƙwabta sun fito sun tsaya a bakin ƙofofinsu, kowa ya samu abin kallo.

Abdulgafar ya rufe but, ya durƙusa ya yi wa Malam sallama, ya saci kallon zaure ya yi ɗan murmushi. Ya shiga ya zauna, gilasai duk a sauke saboda zafi, ya murza makulli.

Rediyon motar ya ɗora daga inda ya tsaya da safe, da ƙarar da mai motar ya bar shi.

Dum, dum, dum. Bara, Bara, Barakatu.

Duk layin ya ɗauka. Ya kai hannu zai kashe, a ruɗe ya ƙara ƙarar, muryar Inna Asibi ta haye katangar gidanta ta shiga tsakar gida. Da kyar ya zare makullin gaba ɗaya. A ɗan allon rediyon, kafin ya mutu, Malam da ke tsaye dab da tagar motar ya ga rubutu na tafiya, sunan matarsa da nasa.

 Abdulgafar ya fito yana share gumi, ya fara cewa yaran shagonsa ne, su ke taɓa masa mota, shi bai ma san...

"Sauke kayan nan," Malam ya ce.

Zuciyar Barakatu ta buga. Ta matso har bakin zaure ba ta sani ba, hannunta a ƙirji. Abdulgafar ya buɗe but ya riƙa sauke akwatunan ɗaya bayan ɗaya a ƙasa, ba mai taya shi. Da ya gama Malam ya nuna masa hanya da hannu, ya ce ya gaida uwarsa, ya kuma gaya mata ɗanta ya gama shiga gidan nan.

Motar ta tashi shiru ta bar layin. Malam ya juyo ya ga ɗiyarsa a tsaye, ya ga abin da ke idonta, ya gane sarai abin da take jira ya ce.

"Wancan munahuki ne," ya ce. "Amma ba a hannunshi kika ba da amana ba. Ki shigar da su zaure kada rana ta ɓata su. Gobe da sahe ni zan kai su da kaina."

Ya juya ya nufi masallaci sallar la'asar. Barakatu ta fito gaban mutanen unguwa, ta sunkuya ta kama hannun akwatin farko, ta ja shi ciki.